Da Aka Goge Baba Babba Daga Kwamfuta

Shekarun baya, a daminar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, wani abu ya same mu a gida wanda ban taɓa zama na ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba. Ku da kuka saba ganin ina rubuto maku yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari, sai ku yi haƙuri da ni, na yau ba mai daɗi ba ne. Ku yi haƙuri da rubutun ma. Da goyo a bayana na shiga ajin yaƙi da jahilci, har gobe in zan rubuta doguwar kalma sai na tauna ta a bakina tukuna.

Gidan su marigayi maigidana babban gida ne. Asalinsu wani ƙauye ne a bayan Tafoki, amma noma da kasuwa sun rarraba su. Mu muna Ƙanƙara, wasu suna Faskari, wasu 'Yankara, wasu kuma sun bi gona har ƙauyukan Sabuwa. Babban wansu, wanda yara da manya muke kira Baba Babba, yana cikin waɗanda suka yi Sabuwa.

A hannunsa ɗana na fari ya tashi. Ana yaye shi Baba Babba ya zo ya ɗauke shi, don a lokacin Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba, haka muka taras ana yi. Kuma kun san halinmu da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi cikin mutane, in za ta tambayi lafiyarsa sai ta zagaya. In ya zo gaishe ni da salla, sai in kau da kai in ce, "Yaron gidan Baba Babba ya zo, a ba shi ruwa." Ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba.

Ɗiyata kuwa, wadda ke can ƙasa da shi sosai, ita ce ta yi karatun kwamfuta a Katsina. Da za su gama aka ce kowa ya gina wani abu da zai nuna ya iya, ita sai ta ce za ta zuba zuri'arsu duka a shafin intanet, tun daga kakan kakansu. Ta zo hutu ta zaunar da ni a gindin darbejiyar tsakar gida, ina ɓarar gyaɗa, tana ta yi mani tambayar wa ya haifi wa.

Na ce mata, "Yanzu wannan 'yar na'urar ce za ta riƙe mutanen nan duka ba ta cakuɗa su ba? Ni da nake cikinsu ma suna rikice mani."

Ta ce, "Inna, ba wuya. Kowa a cikinta rataye yake a jikin mutum guda, wanda ke samansa. Ba na lissafa mata dangin mutum. Ina dai gaya mata ga ubansa, ita kuma sai ta bi igiyar har sama. Matan aure na rataya su a jikin mazajensu, yara a jikin ubansu."

"Ragaya ke nan," in ji ni. "Ƙwarya bisa ƙwarya, igiya guda ke riƙe da su daga rufin ɗaki."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Wallahi da haka malaminmu ya faɗa da babu wanda zai faɗi jarrabawa."

Muna cikin haka ta iso kan gidanmu. Ta ɗago ta dube ni da wannan idon nata na tsokana.

"Inna, Yaya fa? Ƙarƙashin Baba zan sa shi ko ƙarƙashin Baba Babba? Gurbin guda ne, ba ta karɓar uba biyu."

Ban ɗago daga gyaɗata ba. Na ce, "Ke ma kin san gidan da ya tashi."

"Kai Inna! Kwamfuta ce fa, ba surukarki ba ce. Ita ma kunyarta kike ji?"

Na watsa mata ɓawon gyaɗa. Ta rataya shi a jikin Baba Babba, da matarsa da 'ya'yansa a ƙarƙashinsa. Abin ya yi kyau kuwa. A bikin da ya biyo baya tsofaffin gidan sun kusa fasa mata waya, kowace tana son a nuna mata reshenta, ana ta gardamar wa ya girmi wa.

Wannan shi ne lokacin daɗin abin.

Daminar da nake ba ku labari, masara ta nuna, dawa ta fara fitar da kai, sai hare-hare suka yi tsanani a ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Mutane suka watse, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Aka rufe layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka, wasu kasuwannin ma aka tsayar da su. Sai ka wuni ba ka san ko ɗan uwanka na raye ba, alhali da a ce da waya gaisuwa guda ta isa.

A lokacin ɗiyata ta gama karatu tana ɗan aiki a Katsina, inda waya ke kamawa. Ita ta kawo shawarar a yi amfani da shafin nan. Cikin gaggawa ta ƙara wa kowane suna gurbi biyu: an gan shi, ko ba a gan shi ba. Ta buɗe wa Malam hanyar shiga, wato ƙanin maigidana da ke koyar da Arabiyya a wata firamare a Faskari, don gidansa ne masu gudu suka fi sauka. Duk labarin da ya tara, sai ya hau mota ya yi tafiya har inda waya ke kamawa a hanyar Zariya, ya shigar. Ita kuma ta buga sunayen waɗanda ba a gani ba a takarda, ta ba direba ya kawo mana.

Direban nan ma ɗan gida ne, ɗan wani ƙanin maigidana, yana da motar haya. Shi ke fita nema. Da yake mai ya yi wuya ƙwarai, manyan gida suka yanke cewa motar ba za ta fita neman kowa ba sai wanda sunansa ke takarda. Kuma tsarin ya yi aiki, kada in rage masa. An tsinto mutane da yawa ta haka, har da wata tsohuwa da aka samu a rumfar kasuwar 'Yankara ba ta san inda take ba.

Ana cikin haka labarin Baba Babba ya iso. Wasu mutanen ƙauyensu suka gaya wa Malam sun taras da gawarsa a bakin hanya, sun yi mashi sutura nan inda suka same shi. Iyalinsa fa? Aka ce sun yi Ɗandume.

Muka yi zaman makoki a Ƙanƙara. Ina zaune cikin mata, abin da ke raina daban, amma bakina ya ƙi. Da ƙyar na juya wajen wata Hajiya, gwaggon yara, na ce a hankali, "Mutanen gidan Baba Babba kuwa, an ji ɗuriyarsu?"

Ta ce, "Ai suna Ɗandume. Ba ki duba takarda ba? Babu ko guda a ciki. Duk wanda ba ya takarda an gan shi ke nan."

Na duba kuwa. Babu su. Na yi hamdala a zuciyata, na tashi na ci gaba da raba wa baƙi fura.

Haka aka ɗauki lokaci. Motar tana fita tana dawowa, takarda tana raguwa. Ni dai ina sa ran in hanya ta yi sauƙi yaron zai zo gaisuwar rasuwar, don ba halinsa ba ne ya yi shiru. Bai zo ba. Na ce a raina mai ne ya yi wuya.

Sai wani Alhaji ɗan gidan da ke Kano ya aiko da hatsi a raba wa waɗanda suka baro gonakinsu. Don rabon ya tafi daidai, ɗiyata ta bugo doguwar takarda, wannan karon da sunan kowa da kowa da garin da yake. Da ta zo hannuna na shige ɗaki na sa tabarau, na ɗora yatsa ina bi harafi-harafi. Sunan da ban taɓa faɗa ba na iya rubuta shi, shi na fara gwadawa a ɓoye ranar da aka koya mana haɗa baƙi da wasali.

Na bi har ƙasa ban gan shi ba. Na ce karatuna ne, na gaggauta. Na sake bi. Na juya na faro daga ƙasa zuwa sama. Maƙwabciyata ta leƙo ta gan ni da takarda a hanci ta ce, "Hajiya, jarrabawar ce ta matso?" Na yi mata murmushi.

Ba shi cikin waɗanda aka gani. Ba shi cikin waɗanda ba a gani ba. Babu matarsa, babu 'ya'yansa. Kai, ko mutum guda na gidan Baba Babba babu, kamar ba a taɓa gina gidan ba.

Na sami direba a bakin tasha yana zuba ruwa a mota. Na ce, "Ɗan nan, gidan Baba Babba ba su cikin takarda."

"To ai alheri ne, Inna."

"Babbar takardar nike nufi."

Ya goge hannu a riga. "Inna, ni abin da aka ba ni nike bi. In na ce zan bi kowace jita-jita, da man wa? Sai dai a tambayi mai kwamfuta."

"Yaushe za ka Katsina?"

Ya dube ni da mamaki, don ya san ni ko Malumfashi ban cika zuwa ba. Washegari da safe na saka hijabina na shiga tsakanin buhuna. Ina ta kallon gonaki, masara ta bushe a tsaye babu mai karya, tsuntsaye sun samu.

Ɗiyata tana ganina ta miƙe tsaye. "Inna! Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Buɗe na'urarki ki duba mani gidan Baba Babba."

"Ai suna Ɗandume, Inna. Don wannan kika hau hanya?"

"Duba dai."

Ta buga sunan Baba Babba, babu. Ta ce wataƙila Malam ya cire shi tunda ya rasu. Tana faɗar haka sai ta tsaya, bakinta a buɗe. Ta buga sunan yayanta, babu. Ta buga na matarsa, babu. Ina kallon fuskarta tana sauyawa, sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi. Inna, igiyar aka yanke."

Na ce ta yi mani bayani da Hausar da zan gane.

Tana kuka take faɗa. "Tun farko ni na gaya mata, in aka cire na sama, duk wanda ke rataye a jikinsa ya bi shi. Haka aka koya mana, don kada a bar 'ya'ya suna yawo cikin na'ura babu uba. Lokacin ban kawo za a cire kowa ba, zuri'a ce, wa zai goge kakansa? Da na ƙara gurbin nan kuma na manta ban yi na mamaci ba. Da aka goge Baba Babba, gidansa duka ya faɗo. Ba wai an gan su ba ne, Inna. Ita na'urar ce ba ta san da su ba."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta duba. Tun ranar da labarin rasuwar ya iso.

Ban yi mata faɗa ba, ba ni ma da ƙarfinsa. Na ce, "Share hawayenki, za ki iya maido su?" Allah ya sa tana da tsohon kwafi da ta ajiye tun na makaranta. Ina zaune a gefenta sunayen suka dawo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, gida guda cur. Ta sa wa kowannensu ba a gan shi ba, ta buga sabuwar takarda. Direba ya karɓa ya karanta, ya fita neman mai.

Na ce da ni za a tafi. Ba wanda ya yi mani gardama.

Muka biya ta Faskari wajen Malam. Da aka gaya mashi sai ya zauna a ƙasa a bakin zaure, ya cire hula ya riƙe.

Ya ce, "Hajiya, wallahi ban san haka na'urar take yi ba. Na ga sunan Babban Yaya an rubuta ba a gan shi ba. Ni kuwa na san an gan shi, an ma rufe shi. In na ce an gan shi, za a lissafa shi cikin masu rai. Mamaci ai ba ya zama cikin masu rai. Sai na taɓa wurin gogewa. Ta yi wani dogon Turanci a sama, ta jero sunaye a ƙasa. Waya tana ɗaukewa tana dawowa, mutane sun yi layi a bayana kowa na son aron kira. Na duba na ga iyalinsa ne, na ɗauka waɗanda za a yi wa ta'aziyya take nuna mani. Sai na amsa mata."

Na ce, "Malam, tashi. Sa hularka mu tafi."

A Ɗandume muka sami matar Baba Babba da ƙananan yara a gidan wani ɗan uwanta. Ashe labarin da gaskiyarsa, sun isa ɗin. Muna gama gaisawa da ta'aziyya ta leƙa bayana tana neman wani.

Ta ce, "Ina ɗan nawa? Bai biyo ku ba?"

Na ce, "Ba nan yake ba?"

"A'a. Ranar da aka watse shi ya ɗauki tsohon a babur, mu muka bi daji. Mun ɗauka Ƙanƙara ya kai iyalinsa, wajenku."

Su suna can suna zaton yana wajenmu, mu muna nan muna zaton yana wajensu. Wani mutum a ƙofar gidan ya ce mu gwada makarantun firamaren cikin garin Sabuwa, can aka tara mutanen ƙauyukan yankin.

Makarantar da muka shiga ta cika har filin wasa. An ɗaura zannuwa a tagogi, ana girki a kan duwatsu a bakin kowane aji, ga kukan yara ko'ina. Malam da direba suka yi wajen maza, ni aka bar mani ajujuwan mata, inda su ba za su shiga ba.

Na yi sallama a aji na farko. Wata mata mai tankaɗe ta amsa ta ce, "Hajiya, wa kike nema?"

Na ce, "Iyalin yaron gidan Baba Babba."

Ta dube ni. "Wane Baba Babba? Nan kowa da nashi Baba Babban. Mi sunan yaron?"

Na faɗi sunan ƙauyensu, ta ce mutanen ƙauyen suna da yawa, sun rarrabu. Na faɗi sunan matarsa, ta ce masu wannan sunan a ajin nan kaɗai sun fi a ƙirga.

"Ke dai faɗi sunan maigidan. Mi ye naki da shi?"

Na buɗe baki, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na faɗi sunan. Ya fito a shaƙe, ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Na ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Ba ta san shi ba. Na wuce aji na gaba na tsaya a ƙofa na kira sunan, na wuce na gaba na kira. Tun ina jin kunyar muryata har na daina ji. A can ajin ƙarshe, kusa da rijiya, ina kira sai na ga wata ta ɗago daga lungu, da yara a jikinta. Ta rame har sai da na ƙura ido. Surukata ce. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta yarda daga bakina sunan ya fito ba, sannan ta durƙusa ta ce, "Inna, kun zo."

Mayafin da ke kanta da yadda ta sunkuyar da ido sun gaya mani kafin ta yi magana. Takaba take yi.

Nan a kan tabarma ta ba ni labari. A hanya aka harbe su. Tsohon ya cika nan take, shi kuma harsashi ya same shi a cinya. Wasu masu gudu suka ɗora shi a amalanke suka kawo shi cikin gari, nan ita da yara suka same shi. Mai kyamis ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ce wannan sai babban asibiti a Funtuwa. Babu mota, babu mai, babu waya. Sun yi saƙo ta bakin mutane, ba su san inda saƙon ya maƙale ba.

Ta ce, "Kullum da safe sai ya sa mu ja tabarmarsa zuwa bakin ƙofa, inda zai hango titi. Yana ce wa yara, ku zuba ido, Babanku mai mota na nan tafe. Za su zo, gidanmu ba a barin mutum. Ko da ƙafar ta kumbura ta fara wari, bai daina faɗa ba."

Ta ce akwai ranar da yara suka hango motar ta wuce ta bakin titi, suka bi ta da gudu suna ihu, ba su cim mata ba. Da suka dawo suka gaya mashi sai ya ce ba komai, wasu ya je ɗaukowa, gobe namu ne.

Direba yana tsaye a bakin taga yana ji. Ya zo garin kuwa a tsakanin, neman wasu da ke takarda, ya same su a wata makarantar ya juya. Na ji ya bar tagar. Daga baya Malam ya same shi a bayan mota ya kifa kai a kan ƙarfe.

Maza suka je maƙabarta. Da suka dawo na tambayi Malam, ya ce ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba.

Muka ɗauko surukata da yaran muka dawo Ƙanƙara, a ɗakina ta ƙarasa takabarta. Ba a yi wa kowa faɗa ba, ba a kira taro ba. Malam bai ƙara taɓa shafin ba har yau. Ɗiyata ta so ta rufe shi gaba ɗaya, har aikin ma ta ce za ta bari. Na ce mata akwai sauran mutane a takarda, in ta rufe wa zai neme su? Sai ta zauna ta gyara. Yanzu duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, na'urar ba ta yarda a cire shi, ko wa ya taɓa. Mamaci yana da gurbinsa, yana nan a inda yake riƙe da nasa. Kuma kowane suna yana ɗauke da jerin iyayensa a jikinsa, wane ɗan wane ɗan wane, yadda ake kiran mutum a wajen ɗaurin aure. Ta tambaye ni ko ta maido yayanta ƙarƙashin Baba. Na ce ta bar shi wajen mutumin da ya goya a babur.

Na san ajali ne. Ko da motar ta tsaya ranar, in kwanansa ya ƙare ya ƙare, wannan ban taɓa shakkarsa ba. Ban riƙe Malam a raina ba, abin da ya sani ya yi. Ban riƙe ɗiyata ba, yarinya ce ta gina abu don biki aka wayi gari ana neman rai da shi. Abin da dai ya zauna mani shi ne, mu duka mun ji an ce ba ya cikin waɗanda ake nema, sai muka ji kamar an ce an gan shi. Tun daga lokacin, in aka ce mani wane yana lafiya, sai in tambaya wa ya gan shi da idonsa. Wasu suna cewa na cika naci. Ina amsa masu da to.

Wani lokacin kuma in na ga masu rajista sun zo unguwa da na'urorinsu suna tambayar wane ne maigida, sai gabana ya faɗi. A ƙasarmu mata da yara duk a jikin namiji guda ake rubuta su, kuma mazan ne ake tarewa a hanya. Ku da 'ya'yanku ke wannan karatun, ku tambaye su mani abin da na'urarsu ke yi in na sama ya faɗi.

Yaran suna wajena, sun shiga makaranta, sun yi ƙiba. Manyan biyu ba su taɓa tayar da maganar ba. Ƙaramar ce, wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba, ta daɗe in ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta yar da abin da ke hannunta ta ruga tana "Sun zo! Sun zo!" In ka tambaye ta su wa, ba ta sani ba. Yanzu ta girma ta daina gudun. Amma jiya muna tsintar shinkafa ni da ita, wata mota ta tsaya a waje, na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faranti har sai da motar ta tashi.